Tsohuwar da ke ƙarshen hanya: abin da ya kamata ƙananan hukumomin karkarar Wales su sa a gaba

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe a watan Janairu, a tsakiyar Wales, gari bai ko fara alamar wayewa ba. Nakan bar babban titi in kama wata siririyar hanya wadda mota biyu ba sa iya giftawa, shinge dama da hagu, in yi ta hawa tudu har inda kwalta ta ƙare. Nan gidan yake, ginin dutse mai kaurin bango. Matar gidan ta haura shekara 85, mijinta ya rasu, ɗanta yana aiki a Cardiff, 'yarta ta yi aure a ƙasar waje. Wata safiya na same ta zaune a kicin da rigar sanyi biyu da hula da safar hannu, ta ja kujera dab da murhu. Sauran ɗakunan kuwa sai ka ce cikin firji. Na tambaye ta ko na'urar ɗumama gidan ce ta lalace. Ta ce lafiyarta lau, kananzir ɗin da ke tanki take lallaɓawa ya kai ta watan Maris. Na ce to mu hau sama ta yi wanka. Ta girgiza kai, ta ce, "Banɗakin nan ba ya shiguwa yau. Bar zancen, bach, zauna ki sha shayi." Kalmar bach a harshensu ta lallashi ce, kamar tsohuwa a gida ta ce da ke 'yar nan.

Minti 30 aka rubuta mini a jadawali domin ta: wanka, karin kumallo, magani. Daga nan in kama hanyar gida na gaba, mil 11. Na zauna na sha shayin, don na lura in ban zauna ba ita ma ba za ta sha nata ba, kuma ba za ta sake ganin fuskar mutum ba sai na dawo da magariba.

Aikina ke nan shekara ta uku, kula da tsofaffi a gidajensu. Daga kicin irin wannan nake kallon gardamar da ake yi a nan kan lafiyar jama'a, kuma abin da nake gani ya sha bamban da abin da ake ɗaga murya a kai.

Wanda bai san tsarin ba, ga shi a taƙaice. Wales yanki ne na Birtaniya mai mutum miliyan 3 da ɗoriya, kuma tun 1999 harkar lafiya take hannun gwamnatinta da ke Cardiff. Asibitoci da likitoci suna ƙarƙashin hukumomin lafiya 7 na NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati. Ƙananan hukumomi su 22 ne, kuma ba su da asibiti ko ɗaya. Abin da ke hannunsu shi ne kula da tsofaffi da naƙasassu, gidaje, makarantu, tallafin motocin bas, shara, banɗakunan jama'a, da ma'aikatan da mu muka sani da duba-gari. A Ingila an mayar wa ƙananan hukumomi ofishin lafiyar jama'a a 2013, a Wales kuwa an bar shi cikin NHS. Saboda haka sau da yawa za ka ji kansila yana cewa lafiya ba huruminsu ba ce. Wannan maganar ita nake musu. Duk abin da ya sa tsohuwar nan zama da safar hannu a kicin ɗinta, a teburin ƙaramar hukuma yake.

Dubi ƙaramar hukumar Powys. Ta cinye kusan rubu'in ƙasar Wales, mutanenta kuwa wajen 133,000 ne, kuma fiye da ɗaya cikin huɗu sun kai shekara 65 ko sun wuce. Duk faɗin nan babu babban asibiti ko guda. Ƙananan asibitoci ne a garuruwa irin su Llanidloes da Brecon da Machynlleth. Wanda ya karye ko zuciyarsa ta buga, sai a nufi Aberystwyth a bakin teku, ko a tsallaka Ingila zuwa Shrewsbury ko Hereford. Daga Llanidloes zuwa Aberystwyth kusan mil 30 ne a kan hanyar duwatsu mai kwana-kwana, wadda ƙanƙara ke rufewa da hunturu. Shi ya sa da aka yanke shawara a 2024 cewa za a rufe sansanonin jirgin agaji mai saukar ungulu na Welshpool da Caernarfon a haɗe su wuri guda a arewa, mutane suka fusata, aka rataya kyallaye a ƙofofin gonaki. Ina tare da su a wannan fushin. Ƙasar da ta haifi Aneurin Bevan, ɗan Tredegar da ya kafa NHS a 1948, ba za ta ji an taɓa asibiti ta yi shiru ba. Amma jirgi yana zuwa ne bayan an faɗi. Ni damuwata da watannin da suka gabaci faɗuwar, da kuma watannin da ke biyo bayanta.

Bari in faɗi yadda abin ke tafiya, don na gan shi ya fi a ƙirga. Tsoho ya zame a matakala da dare, ƙugu ya karye. A kai shi babban asibiti, a yi aiki, ya samu sauƙi. Bayan mako biyu likita ya ce ya isa sallama. Sai a nemi wanda zai riƙa leƙa shi sau uku a rana a gida, a rasa. Kamfanonin da ƙaramar hukuma ke ba kwangila su ce ba su da ma'aikacin da zai je can, wurin ya yi nisa, mai ya fi kuɗin aikin. Tsoho ya ci gaba da kwanciya a gadon asibiti mako huɗu, mako shida, ƙafafu su saki, hankali ya fara rikicewa, wanda ya shiga da sanda ya fito a keken guragu, in ma ya fito. A kowane wata sama da mutum dubu ne a asibitocin Wales ke cikin wannan hali, sun warke amma ba inda za a kai su. Gadon da suke kai shi ake jira a ɗakin gaggawa, motar asibiti kuma tana tsaye a ƙofa da maras lafiya a ciki ta kasa sauke shi, can kuma a wani ƙauyen wata ta faɗi a tsakar ɗaki tana jiran wannan motar. Igiya ɗaya ce, kuma bakinta yana hannun ƙaramar hukuma.

Don haka in ni ce kansila, abin da zan fara kare wa a kasafin kuɗi shi ne masu shiga gida-gida. Gwamnatin Wales ta yi abin kirki da ta ƙayyade cewa kada a caji mutum sama da fam 100 a mako kan kulawar gida, kuma tun 2022 take ba da kuɗi don a ɗaga albashinmu. Amma lissafin birni ake yi wa ƙauye. A Cardiff mai irin aikina tana iya zagaya gida shida da ƙafa. Ni a rana ɗaya nakan ci mil 70 a motata, tayata ce ke cinyewa, kuma in garken tumaki ya tare hanya ko tarakta ta shiga gabana, lokacin tsohon da ke jirana ne ke raguwa. Kwangilar da ba ta biya tazara ba, ta riga ta yanke cewa na nesa ba zai samu kulawa ba. Likita Julian Tudor Hart, wanda ya yi aikinsa a ƙauyen masu haƙar kwal na Glyncorrwg, ya rubuta tun 1971 cewa inda aka fi buƙatar kulawa nan aka fi rasa ta. Shi talaucin masu haƙar kwal yake kallo. A nan tudu, nisa ne ke yin aikin da talauci ya yi a can.

Kuma rijiyar da ake ɗebo ma'aikata tana ƙafewa. A 2022 Birtaniya ta buɗe biza ga masu wannan aiki, muka shigo da yawa daga Najeriya da Ghana da Zimbabuwe da Indiya. A Maris 2024 aka hana sababbin zuwa tahowa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ƙofar ɗauko ma'aikata daga waje. Matasan yankin kuwa suna gama makaranta suke tafiya. Ƙaramar hukumar Ceredigion ta ragu da mutum sama da 4,000 tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2021. Wa zai tashi da asuba ya hau tudun nan bayan shekara 10? Ƙaramar hukuma ba ta ba da biza, amma tana iya ɗaukar ma'aikata da kanta maimakon jingina komai ga 'yan kwangila, tana iya ba su motocin aiki, tana iya koya wa 'yar shekara 18 tuƙi kyauta in ta yarda ta yi aikin a yankinsu, tana iya ware mata gidan haya mai sauƙi. A ƙauyen Solva da ke Pembrokeshire mutanen gari da kansu suka kafa ƙungiyar Solva Care a 2015, maƙwabta suna kai tsofaffi kanti da wurin likita, suna zama da su. Irin wannan ba ya buƙatar miliyoyi, albashin mutum ɗaya mai haɗa kan masu sa kai yake buƙata, kuma sau da yawa shi ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci.

Sai sanyi. Mu da muka taso inda zafi ke kisa, sai mun zo nan muke gane cewa sanyi ma yana kisa, a hankali, ba hayaniya. Gidajen Wales su ne mafiya tsufa a Birtaniya, kuma na karkara da yawa bututun gas bai kai gare su ba. Da kananzir ake ɗumama su, a kira tanka ta zo ta cika tanki, a biya ɗaruruwan fam a dunƙule. Da farashi ya tashi a 2022 na ga tsofaffin da suka koma rayuwa a ɗaki ɗaya. Bangon dutse yana shan ruwa, danshi ya kama, fumfuna ta fito baƙi ƙirin a bayan kabad, tari ya kama ƙirji, jini ya hau, gaɓoɓi su sandare, sandararren mutum kuma shi ke faɗuwa. Akwai taimako. Gwamnati tana da shirin Nest na gyaran ɗumama gidajen marasa ƙarfi, akwai kuma ƙungiyar Care & Repair da ke zuwa ta kafa ƙarfen dafawa a matakala da banɗaki. To amma mutanen tudun nan ba sa roƙo. Matar da na ba ku labarinta ta yi shekara 60 tana karɓar haihuwar tumaki cikin ƙanƙara, ba za ta ɗaga waya ta ce tana jin sanyi ba, balle ta cika fom a intanet da ba ta da shi. Sai an je an ƙwanƙwasa. Ƙaramar hukuma ta san gidajen da mutum ɗaya ke zaune, don tana yi musu ragin harajin gida. Ta san waɗanda ba sa iya fitar da kwandon shararsu. Tana da sunayen a ofisoshi daban-daban, abin da ya rage a haɗa su a tura mutum kafin watan Nuwamba.

Maganar bas kuwa har yanzu tana ci mini rai. Duk wanda ya kai shekara 60 a Wales yana da katin hawa bas kyauta, abin alfahari. Amma kati ba ya kai mutum ko'ina in ba motar. A yammacin Wales an yi wani tsari mai suna Bwcabus tun 2009: ka buga waya, ƙaramar bas ta zo kusa da gidanka ta kai ka inda za ka haɗu da babbar mota. A ƙarshen Oktoba 2023 aka tsayar da shi saboda kuɗin tallafi ya ƙare. A takarda, harkar sufuri ce. A zahiri kuwa gwajin ido ne aka fasa, ganin likitan ƙafa ga mai ciwon suga aka ɗage, da fita ɗaya tilo ta mako da ke sa gwauro ɗan shekara 80 ya yi aski ya sa riga mai tsabta. Maganin da likita ya rubuta kyauta ne a Wales tun 2007, amma sai ka isa kantin maganin. Ina so in ga ranar da za a hana yanke layin bas sai an fara rubuta mutum nawa ne ke bin sa zuwa asibiti.

Haka banɗakin jama'a. Dokar lafiyar jama'a ta 2017 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta rubuta tsarinta na banɗakuna, amma ba ta wajabta mata buɗe ko ɗaya ba. Ina da wani dattijo da ba ya shan ruwa tun daren jajibirin ranar da zai shiga gari, har ƙwayar da ke sa shi fitsari yake tsallakewa, don ya san na bakin kasuwa a kulle yake. Sau biyu ciwon mafitsara yana kwantar da shi.

Duba-gari su ne ba a ganin aikinsu sai ranar da ba su yi ba. Dubban gidaje a Powys da Ceredigion ba sa shan ruwan famfon kamfani, daga idon ruwa ko rijiya ko burtsatse suke ja, a tsakiyar makiyayar da tumaki suka ninka mutane sau da yawa. Lokacin haihuwar tumaki, in aka yi ruwa mai ƙarfi, abin da ke cikin kashin dabba yana iya gangarawa cikin tankin gida. Ruwan da gida ɗaya ke sha ba a auna shi sai mai gidan ya nema, ya kuma biya. Ga wanda ke lallaɓa kananzir, wannan kuɗin ba zai fito ba. A yafe shi ga tsofaffi da masu jarirai.

Ban manta da manoma ba, ko da yake ba su ne nake yi wa aiki ba, a gidajen iyayensu nake haɗuwa da su. Mutum ne zai yini shi kaɗai a kan dutse da karensa, bashi a wuya, ga fargabar gwajin tarin fukan shanu wanda in ya fito ba daɗi a kwashe masa dabbobin da ya raina a yanka. Dubbansu sun yi cincirindo a gaban Senedd, majalisar dokokin Wales, a Fabrairun 2024 kan sabon tsarin tallafin noma. Ba za su je su zauna gaban likita su ce zuciyarsu ta yi nauyi ba. Gidauniyar DPJ, wadda aka kafa a Pembrokeshire a 2016 bayan wani ɗan yankin mai aikin gona ya kashe kansa, da ƙungiyar Tir Dewi, sun gane cewa sai dai a bi manomi inda yake: kasuwar dabbobi, ko bikin baje kolin noma na Llanelwedd da ake yi duk watan Yuli. A ajiye ma'aikaciyar jinya a kara ranar kasuwa, ta auna jini, daga awon jini magana ke fitowa. Ɗan abin da ƙaramar hukuma za ta sa a nan, ɗaki da wuta da ɗan tallafi, bai kai kuɗin buga fastocin faɗakarwa ba.

Akwai kuma harshe, kuma wannan Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani. Duk wanda ya taɓa raka kakarsa asibiti ya ga yadda take ƙanƙancewa in an yi mata Turanci, ya san abin. A ƙaramar hukumar Gwynedd kusan biyu cikin uku suna jin harshen Welsh, a Ceredigion kusan rabi. Masu ciwon mantuwa da yawa Turancin da suka koya a makaranta shi ke fara zubewa, su koma harshen da aka yi musu reno da shi. Ina da wata da in na ce ta tashi da Turanci sai ta ƙanƙame kujera. Ranar da na koyi cewa bore da, wato ina kwana, na kuma tambaye ta ko za ta sha paned, kofin shayi, ta dube ni ta saki jiki. Tun 2012 gwamnati ke da manufar cewa a yi wa mutum tayin kulawa da harshensa ba sai ya roƙa ba. To a koya mana, mu baƙin da muke yin aikin, a cikin lokacin aiki kuma a biya mu. Mu da muka taso da harshe biyu ko uku ba za mu ji nauyin ƙara na huɗu ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce na karkata ga tsofaffi don su nake gani, alhali akwai yara masu ƙiba da ruɓewar haƙori, akwai matasa masu shaye-shaye, kuma dokar 2015 ta jin daɗin al'ummomi masu zuwa ta ce a riƙa tuna waɗanda ba a haifa ba tukuna. Gaskiya ne, kuma ba na so a taɓa abincin rana kyauta da yanzu kowane ɗan firamare ke ci, ko a rufe wurin ninƙaya na garin. Amma manyan matakan irin su mafi ƙarancin farashin barasa na 2020, ko hana shan taba a harabar makarantu da asibitoci na 2021, daga Cardiff suke fitowa, kuma suna aiki ko da kansila ya yi barci. Abin da Cardiff ba za ta iya gani ba shi ne gidan da hayaƙi bai fita ta bututunsa ba yau kwana biyu. Kuma duk tsarin da aka jera manufofi goma sha biyar aka ce kowace ita ce kan gaba, dambu ne ya yi yawa, ba zai ji mai ba. Sannan abin da nake roƙo domin tsofaffi shi zai riƙe matasan: aiki mai albashi a garinsu, gida mai ɗumi, mota mai zuwa.

Za a ce kuma ba kuɗi. Wannan ma ban musa ba, makarantu da kula da jama'a sun riga sun cinye mafi yawan kasafin, kuma kaso mafi tsoka daga gwamnati yake zuwa. Sai dai tun Afrilun 2023 an ba ƙananan hukumomi ikon ƙara harajin gidajen hutu, waɗanda masu su ba sa zama ciki sai da bazara, har zuwa kashi 300 cikin ɗari. Wasu sun yi amfani da ikon. A fito a faɗa wa jama'a gida nawa aka ɗumama da kuɗin, ma'aikaci nawa aka ba wurin kwana. Dokar kula da jama'a ta 2014 kuma ta riga ta zaunar da ƙananan hukumomi da hukumomin lafiya a teburi ɗaya. Kwana guda a gadon asibiti ya fi ziyarata ta kwanaki tsada, don haka hukumar lafiya ce ke cin ribar duk tsohon da aka riƙe a gida lafiya, ya kamata ta sa hannu a aljihu.

Mun ma ga abin da ƙaramar hukuma ke iyawa in ta yarda aikinta ne. A farkon annobar korona a 2020, Ceredigion ba ta jira umarni ba, ta kafa nata tsarin bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar, da ma'aikatanta da suka san ƙauyukan da mutanen cikinsu, kuma a zangon farko tana cikin wuraren da cutar ta fi ƙaranci a Birtaniya duka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Matar nan ta ƙarshen hanya, da izininta na kira ɗanta, shi kuma ya nema mata taimako. An zo an kafa mata ƙarfen dafawa a matakala cikin mako uku. Maganar gyaran ɗumama gidan tana kan layi. Kananzir ɗin bai kai ta Maris ba, a tsakiyar Fabrairu ya ƙare, wani maƙwabcinta manomi ya kawo jarkoki huɗu a bayan tarakta ya zuba mata, ya ƙi karɓar ko sisi. Ranar Alhamis mai zuwa kansilan mazaɓarmu zai zauna sauraron jama'a a zauren ƙauye daga ƙarfe biyu zuwa huɗu. Ta ce tana so ta je ta yi masa magana da bakinta. Ba bas ranar Alhamis, don haka na nemi a sauya mini jadawali in kai ta.